Ranar da Anasara Ya Ce Mini Shapo

Ni dai har yau ban yarda da mutumin da ke yawo kai ba tagiya ba. Jikokina sun san da haka, shi ya sa in sun hango ni zaune sai su dafe kai da hannu su wuce da sauri kamar ana ruwa. Tagiya muke cewa a nan Arewa. In kai mutumin gabas ne ka ce hula, ba za mu yi faɗa ba.

A zamanin da Anasara ke mulki akwai wata tsamiya a bakin kasuwar Dogon Dutsi, wajen da masu gishiri ke sauke jakuna. Kullum da hantsi mutum biyar ko shida kan shimfiɗa tabarma a gindinta. Ba ciniki ke tara su ba, ba shari'a ba. Tagiya ce. Kowa ya iso, kafin a gama gaisuwa an riga an dubi kansa. Sai a tambaye shi wacce ce wannan ta yau, daga ina ta fito, shi kuma ya gyara zama ya ba da labarin hanyar da ya bi ya samo ta. An ji labarin sau arba'in, amma ba a hana shi na arba'in da ɗaya, don gobe kai ma za ka so a saurare ka.

Babbansu kawuna ne, ƙanen uwata, falken goro. Tagiya bakwai gare shi, kowace da ranarta, kuma bai taɓa rikita su ba. Jumma'a ta jar dara ce da ya sayo a Kumasi, inda ya ce itatuwan kurmi in ka ɗaga kai don ka ga ƙarshensu sai tagiyarka ta faɗi ta baya. Litinin ta haɓar kada ce ta Sakkwato, mai kunnuwa biyu da ake sauko da su a rufe kunne. Bayansa akwai wani tsohon soja da muke kira Baba Sarzan, wanda ya dawo daga yaƙin Turawa da ƙafa guda mai ciwo da wata baƙar tagiyar ulu maras baki. Yana karkata ta gefe ko da rana na gasa mutane, yana ba da labarin jirgin ruwa da sanyin da ke sa yawu ya daskare kafin ya kai ƙasa. Ran kasuwa kuma wani Bafillace mai shanu kan zo da malfarsa mai adon fata. Ya fi su duka tafiya, amma in an matsa masa da tambaya sai ya ce ciyawar can ta fi ta nan, shi ke nan.

Doka ɗaya gare su. Ba ka zama bisa tabarma sai in da ƙafarka ka je garin da tagiyarka ta fito. Ni tawa telan unguwarmu ya ɗinka ta, tsakanina da shi zaure uku. Saboda haka wurina bisa saiwar tsamiya ne, kuma saiwar nan ta san ni fiye da yadda gadona ya san ni.

Na haura shekara ashirin a lokacin, gemu ya fara tsirowa, ban taɓa wuce Matankari ba. Zama ya gagare ni. In ina noma, in kai kunya guda in tsaya ina duban hanya. In na ji ƙarar kamyo, wato babbar motar kaya, sai in yar da hauya. Nakan hau dutsen da ke bayan gari in zauna ina kallon jar hanyar Doso har inda ta shige cikin itace, in sauko, in sake hawa. Uwata ta ce ko an yi mini kurciya ne. Kawu ya ce kurciya ba ta ɓata lokacinta kan wanda bai da kuɗin guzuri.

Ilimina kuwa, kada a raina shi. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar Faransawa. An kama ni ne a madadin ɗan mai garinmu, wanda aka ce ba shi da lafiya, kuma bai warke ba sai da aka rufe rajista. Na fito da ƙidaya, da karatu a hankali in rubutun manya ne, da kalmomin Faransanci da za su cika ƙaramar ƙwarya. Cikinsu wadda ta fi zama mini a ƙashi ita ce shapo. Shapo tagiya ce. Mushenmu, wato malamin lakwal, in yaro ya shigo aji da tagiya a kai, ba ya dogon zance. Sai ya yi murmushi ya ce, "Shapo!" In ba ka cire ba kafin ya rufe baki, rula ta sauka a wuyanka.

Yanzu sai in faɗi abin da na shekara hamsin ban faɗa da bakina ba. Ƙarƙashin tagiyata akwai tukku.

Uwata ta binne 'ya'ya uku kafin ni. Da aka haife ni, kakata ta wajen uba, wadda ke riƙe da doguwar gidanmu a ƙauye, ta yi wa iskar alkawari: in an bar mata wannan, aska ba za ta taɓa tsakiyar kansa ba muddin tana numfashi. Aka bar ni. Ita ma aka bar ta, aka yi ta barinta. Tukku a kan yaro ba komai ba ne, rabin ajinmu suna da shi. Amma a kan mai gemu, mai bin sahun salla a cikin gari, mai cewa ya yi lakwal? Nakan kitse shi in naɗe kamar gammo in danna tagiya a kai. Wanzamina ya sani, ya kuma rantse. Kawu ya sani, bai rantse ba. In rana ta yi zafi sai ya dube ni a gaban mutane, da fuskar tausayi, ya tambaye ni ko ba zan ɗan ba kaina iska ba.

Ana haka kaka ta yi, aka fara awon gujiya. Akwai wani kanti na Anasara a gari mai sayen gujiya yana aikawa da ita kudu, har Faraku ta ƙasar Dahome, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Akawun kantin mutumin Dahome ne, mai Hausa ta hanci, mai wata tagiyar Turawa mai baki zagaye. Yakan biyo ta tsamiya, kuma ana ba shi tabarma, tun da shi zamansa a nan ma tafiya ce. Wata Lahadi ya ce maigidansa na neman mutum guda da zai riƙa bin kamyo, ya ƙidaya buhu in an loda, ya ƙidaya in an sauke. Wurin zamansa a gaba, kusa da direba. Gobe a zo a gwada, kamyon farko zai tashi ran Jumma'a.

Ban san lokacin da na miƙe daga kan saiwa ba.

Nan take majalisa ta rabu biyu kan yadda ake shiga gaban Anasara. Baba Sarzan ya ce a cire tagiya, a bar takalma, a tsaya ƙyam, a dube shi cikin ido. Kawu ya ce wannan tarbiyyar bariki ce; mai mutunci takalma yake cirewa, ya bar kansa a rufe, ya durƙusa ya dubi ƙasa. Sarzan ya ce shi ya ga Anasara a garinsu, kawu bai gani ba. Kawu ya ce shi ya ga sarakai, Sarzan kuwa masu dafa wa sarakai abinci ya gani. Suka yi ta yi har azahar. Ni na raba musu gardama a zuci: zan cire takalma don kawu, in tsaya ƙyam don Sarzan, tagiya kuwa in bar ta inda take don kaina. Da yamma kawu ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini haɓar kadar Sakkwato. Ya ce ta fi kama kai. Ranar Litinin ɗin nan shi da farar tagiya ya fita, abin da ba a taɓa gani ba.

Mu huɗu muka je. Aka shigar da mu sito, buhunan gujiya jibge har rufi. 'Yan dako na tsaye, mata masu kawo gujiya sun cika ƙofa da ƙorensu. Anasaran, wani gajere mai jan wuya, yana zaune bisa sikeli yana fifita da tagiyar kwanonsa, takarda a hannu. Gwajin ɗaya ne: ka bi layin buhu kana taɓawa kana ƙidaya da ƙarfi cikin harshensu.

Sai an yi wa na baya bayani a nan. Faransawa mutane ne masu jirgin sama, amma ƙidayarsu a sittin da tara ta ƙare. Ba su da saba'in. Sai su ce sittin da goma, sittin da sha ɗaya, haka har su kai tamanin, ita ma ba su da ita, sai su ce ashirin huɗu. Casa'in kuwa ashirin huɗu da goma. Na farkonmu ya kai sittin da tara ya tsaya kamar jaki a bakin rijiya. Na biyu ya tsallaka da Hausa, ya ce saba'in, aka yi dariya. Na uku, ƙanen matar akawu, ya ƙetare da kyar ya ɓace a cikin tamanin.

Ni kuwa wurin nan ne aka fi dukana a lakwal, saboda haka shi na fi sani. Na bi buhunan nan ƙafa ba takalmi, ƙirji a gaba, na ratsa sittin da goma, na ratsa ashirin huɗu da sha tara, na faɗa ɗari, na wuce, har na dafa buhun ƙarshe. Anasara ya dubi takardarsa, ya dube ni. Ya yi murmushi.

"Shapo!" in ji shi.

Wuyana ne ya fara ji kafin kunnena. Na dubi ƙofa, mata sun fi ashirin, har da wata da nake yi wa doguwar gaisuwa a bakin rijiya. Na dubi 'yan dako, waɗanda labari ba ya kwana a bakinsu. Ya sake faɗi, har da gyaɗa kai, murmushin na ƙaruwa. Ni kuwa na san abin da ke biyo bayan murmushin nan.

Na dafe tagiya da hannu biyu na ce, "No, mushe."

Murmushin ya tafi. Ya juya ga akawu ya yi masa wata tambaya da sauri, wadda ba ta cikin ƙwaryata. Akawu ya buɗe baki zai amsa, sai dariya ta kama shi, ya duƙe yana riƙe da ciki, ya kasa magana. Ban jira ya miƙe ba. Na ɗauki takalmana a hannu na ratsa matan nan na fita.

A gindin tsamiya na ba da labari yadda ya kamata a ba da shi: Anasara ya ce in tuɓe tagiyar Sakkwato a gaban mata, na ce masa a'a cikin harshen uwarsa. Kawu ya shafa gemu, ya ce jini ba ya ɓuya. Baba Sarzan bai yi murna ba. Ya ce shi ya ga wanda aka rufe kwana goma sha biyar don bai sauka daga jaki ba da kumandan, Anasaran da ke mulkin gari, zai wuce, balle wanda ya ce no. Kawu ya daina shafa gemu. Ya ce ai na daɗe ban gaida kakata ba.

Kafin la'asar ina kan hanyar ƙauyenmu, ta wajen Ɗan Kassari, tafiyar rabin yini. Tsohuwa ta tarye ni da tsiyar da ta saba, wai mijinta ya tuna da ita don matan birni sun ƙi shi. Ta cire mini tagiya da hannunta, ta duba amanarta, ta ce ya yi kyau.

Talata na yini ina zagaya gida. In fita ƙofa, in koma. In je bakin gona, in dawo. Kowace ƙura na hango a hanya, ta garadawa ce, 'yan sandan kumandan. Kuma cikin tsoron nan wani abu na cina ta ƙasa: Jumma'a na matsowa, buhunan da na ƙidaya da hannuna za su ga Faraku, ni ban gani ba.

Laraba da hantsi wata mata ta shigo da gudu ta ce ga mai jar tagiya nan bisa jaki yana tambayar gidanmu. A zamanin nan jar tagiya mai tsawo a kan baƙo ba ta da fassara biyu: gardi ne, ɗan sandan kumandan. Kafin in yi tunani tsohuwa ta tura ni cikin rumbu ta rufe. Ina kwance bisa damman hatsi, ƙaiƙayi na shiga har cikin hancina, ina jin su ta jikin zana.

Ya ce Anasara na nemana.

Ta ce, "Wa? Yaron ga ya tahi Kamba tun jiya, ƙasar Ingilishi."

Ya ce ai saƙo ne, a bari ya faɗi. Ta ce ba ta jin saƙon Anasara, kunnenta ya mutu tun yunwar da ta wuce. Ya ɗaga murya, ta ɗaga fiye da tasa, ta shiga kiran sunayen iskokin gidanmu ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu ga baƙo. Mutumin bai tsaya shan ruwa ba.

Na yini cikin rumbu, na kuma yini Alhamis, don ta ce irinsu sukan dawo. A can na gane cewa ko gidan kaso ya fi, tun da a kaso aƙalla ana fitar da mutum aikin hanya, ya ga masu wucewa. Jumma'a da asuba na fito, na kaɗe jikina, na ce mata zan je in miƙa kaina. Ta ce in sun aske ni ba ruwanta, su da doguwa.

Na shigo Dogon Dutsi rana ta ɗaga, kasuwa ta cika. A ƙofar kanti babu kamyo, sai sawun taya da baƙin mai a ƙasa. Bisa benci kuma ga gardin nawa zaune, da jar tagiyarsa, yana ɓare gujiya. Mai gadin kanti ne, tsoho, na san shi tun ina yaro. Tagiyar kuwa wani soja ne ya ba shi da za ya bar gari, yana sa ta in an aike shi nesa don a riƙa ba shi hanya. Ya ce shi dai ba ya ƙara zuwa ƙauyenmu.

Akawu ya fito, ya gan ni, ya fara dariya tun daga nesa, sa'an nan ya ga idona ya daina. Ya ja ni gefe. Ya ce shapo tagiya ce, gaskiya ne, mushenmu bai yi ƙarya ba. Amma in Bafaranshe ya ga mutum ya yi abin a yaba, sai ya ce masa shapo, wato shi ne ke cire maka tasa tagiyar don girmamawa. Ba taka yake nufi ba. Tun ran Litinin aikin nawa ne. An jira ni har daren Alhamis, da ba a gan ni ba aka ba ƙanen matarsa. Kamyo ya tashi bai fi awa biyu ba.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini a sito. Ya ce dariya. Na dube shi, na tuna ko ƙanen matar wa ke zaune a gaban kamyo yanzu. Har ya bar garin nan ban san gaskiyar dariyar ba.

Abin da na yi bayan haka, na sha neman wanda zan ɗora wa laifinsa ban samu ba. Na shiga sito. Anasara na nan bisa sikelinsa, mata na nan a ƙofa, sun fi na ran Litinin yawa don ran kasuwa ce. Na tsaya ƙyam a gabansa, na sa hannu na cire haɓar kada. Kwana biyu cikin rumbu sun kwance kitson, tukku ya zubo mini har kafaɗa, da ƙaiƙayi a jikinsa. Na haɗa duk Faransancin da ke gare ni na ce masa na zo, ga shapo, a ba ni aikina.

Ya jima yana duban kaina. Ya tambayi akawu wani abu, akawu ya ɗaga kafaɗa. Sa'an nan ya ce, a hankali don in gane, wuri ya cika, sai baɗi.

Daga ƙofa wata tsohuwa ta ce, "Ashe ɗan doguwa na." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma sauran ba su jira su ji da me ta faɗa ba.

Na mayar da tagiya. Ban bi ta tsamiya ba, ban bi ta gida ba. Sawun taya na bi, ya fitar da ni bayan gari ya ɗora ni kan hanyar Doso. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Ƙafafuna ne suka ƙi tsayawa, ni kuma ba ni da wurin da zan ce musu su tsaya. Rana ta faɗi ina tafiya, wasu makiyaya suka ba ni nono da wurin kwana, da gari ya waye na ci gaba.

Da hantsin Asabar na iso Kore Mairuwa. A gangaren fadama, inda hanya ke ratsa yashi, ga kamyon nan. Sun kwana a garin sun ƙara lodi, nauyi ya yi yawa, tayoyin baya sun nutse har rabi. Direba, wani Bazabarme mai tawul a wuya, yana zagin yashi da Zabarmanci yana zagin mutane da Hausa. Ƙanen matar akawu na zaune a gaba da takarda, wai aikinsa bai haɗa da turi ba. Ban yi sallama ba. Na tuɓe takalma, na shiga cikin masu tonon yashi da hannu, muka jera kara da itace ƙarƙashin taya, na sa kafaɗa muka tura. Sau huɗu tana komawa. A na biyar ta hau.

Direba ya sauko yana share wuya, ya sallami mutanen gari da godiya, ya ga ni ban tafi ba.

"Kai kuma ina za ka?"

"Inda kamyon ga za shi."

"Gaba babu wuri."

"Bisa hwa?"

Ya ɗaga kai ya dubi tsaunin buhunan, ya dube ni. Ya ce akwai yashi biyu irin wannan kafin Gaya, kuma ba ya biyan kowa, ba ya ciyar da kowa.

"In iska ta ɗauke tagiyar ga, ba ni tsayawa," in ji shi.

Na taka taya na hau. Na zaro igiya daga bakin wani buhu, na sauko da kunnuwan haɓar kada, na huda su da ƙaya na ɗaure ƙarƙashin haɓa. Kamyo ya yi tari sau biyu ya ja. Ta tagar da ke bayan direba na ga ƙeyar mai takarda, a cikin inuwa, bai ganin komai sai gilashi. Ni kuwa daga sama ina ganin gonaki har ƙarshensu, da rumbuna, da wani gari can gaba da ban san sunansa ba.